Tambaya da Amsa: Maigidana ya shiga ƙungiyar mazan Katolika a Amurka, anya ba ta asiri bace?

Wannan karon wasiƙun da suka taru kusan duk hanya ɗaya suka bi, zancen ƙungiyoyin maza ne na cocin Katolika, shi yasa na haɗa su wuri guda. Ta farkon ta fi cin wuri saboda akwai tashin hankali a cikinta.

TAMBAYA: Baba barka da aiki, ya iyali ya jikoki. Ni dai hankalina ne ba a kwance ba. Maigidana yana Amurka yana aikin jinya a wani asibiti, ni da yara muna gida muna jiran takardunmu su fito. Kwanaki yace mani ya shiga wata ƙungiya a cocinsu wai ita Knights of Columbus, tun daga nan in na kira shi ran Juma'a da daddare sai yace suna coci suna suyar kifi, wata rana kuma yace rabon rigunan sanyi suke, mutumin da a nan gida ko ruwan wanka sai an ɗora masa. Ya turo hoto shi da wasu dattawa riƙe da takobi, da Mama wato mahaifiyarsa ta gani tace ƙungiyar asiri ce aka jefa mata ɗa a ciki, har abinci ta rage ci. Baba dan Allah ka gaya mani gaskiya, me ya shiga? Daga 'yarku a Kafanchan.

AMSA: 'Yata ki kwantar da hankalinki, ki kuma je ki zauna da Mama ki kwantar mata da nata, ba ƙungiyar asiri bace. Ƙungiya ce ta maza 'yan Katolika da coci ta sani ta kuma sa mata albarka, galibin rassanta suna manne da majami'a, Fada ne mai kula da su ta ɓangaren ibada, kuma sharaɗin shiga shine namiji ya kai shekara 18 yana kuma bin addininsa na Katolika. Amma ban ga laifin Mama ba ko kaɗan, duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya ga abinda ƙungiyoyin asiri suka yi wa gidaje dole gabansa ya faɗi in ya ga takobi a hannun ɗansa. To bari in baki labarin daga tushe, dan in kin san dalilin da ya sa aka kafa ta zaki gane abinda mijinki yake yi a bakin kasko.

Wani Fada ne ya kafa ta, sunansa Michael McGivney, an haife shi a 1852 a garin Waterbury cikin jihar Connecticut, iyayensa baƙi ne da suka yi hijira daga ƙasar Ailan. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya 13 kuma shida daga cikinsu tun suna ƙanana suka rasu, yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta ya shiga aiki a masana'antar ƙera cokula dan ya taimaki gida. Da ya tafi karatun zama Fada sai mahaifinsa ya rasu a 1873, dole ya tattaro ya dawo gida, ba dan an samu wanda ya ɗauki nauyin karatun ba da shikenan. Kinga kenan maraici ba labari aka bashi ba, a jikinsa ya ji. Da aka naɗa shi Fada a 1877 aka tura shi cocin St. Mary a birnin New Haven, nan ya tarar da abinda ya baro a gida yana maimaita kansa, 'yan Katolika baƙi su ne ke aikin da ya fi haɗari a masana'antu da shimfiɗa layin dogo, ana raina su saboda addininsu, magidanci ya fita da safe a dawo da gawarsa da yamma, babu fansho babu komai, matar ta rasa na haya, in kuma ta kasa nuna wa kotu cewa zata iya riƙe yaran sai hukuma ta kwashe su ta rarraba. Shi kansa Fadan sai da ya taɓa tsayawa a gaban kotu a matsayin waliyyin wani yaro maraya dan kada a raba shi da danginsa.

Ga kuma wani abu, a lokacin ƙungiyoyin da ke ba mambobinsu irin wannan rufin asiri da yawansu na rantsuwar ɓoye ne irin su Freemason, waɗanda Paparoma ya haramta wa 'yan Katolika shiga tun 1738. Sai ya zama talaka yana tsaka mai wuya, ko ya shiga inda coci ta hana ko ya mutu ya bar iyali a titi. Shine Fada McGivney ya tara wasu magidanta a ɗakin ƙasa na cocin a ƙarshen 1881, ranar 29 ga Maris 1882 kuma jiha ta yi wa ƙungiyar rajista. Wato dan a tsare maza daga ƙungiyar asiri aka kafa ta, ki gaya wa Mama wannan da kyau.

Tsarinsu na farko kamar adashe yake, sai dai ranar kwasa ita ce ranar da mutum ya rasu, in ɗan ƙungiya ya mutu kowa zai bada dala 1, in sun kai mutum 1,000 matar mamacin ta karɓi dala 1,000, kuɗin da a wancan zamanin ya fi abinda lebura ke samu a shekara. Fadan bai daɗe ba, ciwon huhu ya kashe shi a watan Agustan 1890 kwana biyu bayan ya cika shekara 38, kuma a 31 ga Oktoban 2020 coci ta ɗaga shi zuwa matsayin mai albarka, matakin da ke gab da na waliyyi. Yau mambobinsu sun haura miliyan 2 a rassa sama da 16,000, a Amurka da Kanada da Meziko da Filifin da Foland da wasu ƙasashen.

Suyar kifin kuwa al'ada ce ta 'yan Katolikan Amurka, a kwana arba'in na azumin da ake yi kafin bikin Ista ba a cin nama ran Juma'a, sai mazan nan su ɗaura rigar kicin, su soya kifi da dankali a zauren coci jama'a su zo da iyalansu su saya su ci, ribar ta shiga asusun taimako. Rigunan sanyin ma shiri ne da suka fara a 2009 na raba wa yaran talakawa sabbin riguna masu kauri, dan sanyin can ba irin hunturunmu bane, yana kisa. Suna bada jini, suna raba keken guragu, suna tsayawa a ƙofar kanti suna karɓar taro da sisi domin masu lalurar ƙwaƙwalwa. A 2018 kaɗai lissafin da suka fitar ya nuna sama da dala miliyan 185 na sadaka da awa miliyan 76 na aikin sa kai. Ni awannin nan sun fi burge ni akan dalolin, dan mai kuɗi zai iya turo kuɗi yana kwance a ɗaki, amma mutumin da ya kwana yana aikin dare a asibiti ya zo ya tsaya yana wanke tukwane kyauta, wannan jikinsa ya bayar.

Takobin na ado ne. Suna da matakai huɗu, sadaka, haɗin kai, 'yan'uwantaka da kishin ƙasa, waɗanda suka kai na huɗun su ne ke sa kayan fareti su yi wa Bishop rakiya ko su tsaya gadin girmamawa a jana'izar ɗan'uwansu. Gaskiya ne a da bikin rantsar da sababbi a ɓoye ake yinsa kuma wannan ya jawo masu zargi sosai, har a wajen 1912 maƙiyansu suka buga wata rantsuwar ƙarya suka yi ta yaɗawa wai suna rantsuwa zasu kashe waɗanda ba 'yan Katolika ba, 'yan ƙungiyar suka kai masu yaɗawar kotu suka yi nasara. Tun 2020 an buɗe bikin, mata da yara suna zama a coci su kalla.

Abu ɗaya zan ƙara maki wanda ya shafe ki kai tsaye. Wancan tsarin na dala ɗai-ɗai ya girma ya zama babban kamfanin inshorar rai, abinda ke wuyansu ya wuce dala biliyan 100, dan haka ko ba jima ko ba daɗe wakilinsu zai ziyarci mijinki ya tallata masa. Ba dole bane ya saya, amma in zai saya ya karanta takarda da kyau ya duba ƙarfin aljihunsa, kuma ya rubuta sunanki da na yara a matsayin masu gado, ki faɗa masa hakan ba kunya, ai saboda irinki aka fara abin tun farko. Ita kuma Mama ki raka ta wurin Fadanku ta ji daga bakinsa, sannan ran Juma'a mai zuwa ki ce ya kira ta bidiyo yana gaban kasko ta gani da idonta.

TAMBAYA: Malam, ni Musulmi ne kuma ɗan agaji, na fi shekara goma ina sa kaki ina tsaron masallacin idi da hidimar alhazai. Wani abokin aikina Kirista yake bani labarin irin waɗannan ƙungiyoyi nasu, sai nake son in sani, taimakon da suke yi iya 'yan cocinsu ne ko har da na waje? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Malam na gode, Allah ya saka da hidimar da kuke yi, duk wanda ya taɓa shiga cunkoson idi ko sansanin alhazai ya san darajar ɗan agaji. Amsar kashi biyu ce. Shiga ƙungiya da inshora na 'yan Katolika ne da iyalansu, amma abinda ake rabawa a waje ba a tambayar mutum addininsa, yaron da ya zo karɓar rigar sanyi ba a ce masa wace coci kake zuwa, jinin da suka bayar kuma asibiti ke kaiwa ga duk mai buƙata. A yaƙin duniya na ɗaya sun buɗe rumfunan hutawa na sojoji a Amurka da Turai, takensu a lokacin shine kowa ya shigo komai kyauta, kuma hakan aka yi. Akwai dai inda suke fuskantar nasu musamman, misali a 2017 sun bada dala miliyan 2 dan sake gina garin Karamles na Kiristocin Iraƙi da 'yan IS suka rusa, kuma ban ga aibu a nan ba, kowa yana fara share ƙofar gidansa.

Amma tunda gaskiya ka tambaya bazan ɓoye maka inda suka yi tuntuɓe ba. Dokarsu bata taɓa hana baƙar fata shiga ba, sai dai a da ƙuri'a biyar kacal ta isa a ƙi karɓar mutum, kuma rassa da yawa sun fake da wannan suna toshe wa baƙaƙe ƙofa, 'yan'uwansu a coci ɗaya fa. Tun 1909 baƙaƙen 'yan Katolika suka kafa tasu, Knights of Peter Claver, a garin Mobile na jihar Alabama, kuma tana nan har yau. Sai a 1964 aka gyara dokar ƙuri'ar. Wannan abin yana mani ciwo duk lokacin da na tuna, mutanen da aka raina saboda baƙunta su kuma su juya su raina wasu saboda launi. Wasu Amurkawan kuma suna sukarsu akan kuɗin da suke zubawa a yaƙi da zubar da ciki da auren jinsi, suna cewa sun shiga siyasa, su kuma suna cewa koyarwar cocinsu suke bi.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ni malamin firamare ne, shekarata 29, ina so in yi wa Allah aiki da jikina ba zuwa Misa kawai ba. Amma a cocinmu waɗanda ake kira Sir duk manya ne masu motoci, kayan faretinsu kaɗai ya fi albashina. Talaka yana da wuri a ciki kuwa? Ɗanku daga Kaduna.

AMSA: Ɗana wasiƙarka ta taɓa ni. A nan Najeriya waɗanda kake gani galibi 'yan Knights of St. Mulumba ne ko na St. John. Ta Mulumba a Onitsha aka kafa ta a 1953, wani Fada ɗan ƙasa Abraham Anselm Ojefua ya kafa ta yana koyi da ta Amurkan nan, kuma damuwarsa kusan irin ta McGivney ce, 'yan bokon Katolika da ma'aikata suna kwarara cikin ƙungiyoyin asiri dan neman ɗaurin gindi a wurin aiki. Sunan kuwa na Matthias Mulumba ne, ɗaya daga cikin shahidan Uganda 22 da aka kashe a zamanin Sarki Mwanga na biyu, shi a 1886 aka yanke masa gaɓoɓi aka bar shi ya mutu a hankali dan ya ƙi barin bangaskiyarsa, Paparoma Paul na shida ya sa su cikin waliyyai a 1964. A Gana kuma akwai Knights of Marshall tun 1926 a Sekondi. Duk wanda ya ɗauki sunan mutumin da ya mutu irin wannan mutuwar ya ɗauki kaya mai nauyi.

Abinda ka gani ba kai kaɗai ka gani ba, kuma bazan ce ƙarya kake ba. Akwai kuɗin shiga, akwai na wata-wata, akwai gudunmawa iri-iri da kayan sawa, ga bincike akan aurenka da zamanka da mutane, a hankali sai abin ya koma kamar na waɗanda suka riga suka tara, wasu ma dan a kira su Sir a basu kujerar gaba suke shiga. Amma kada wannan ya rufe maka ido, a cikinsu akwai dattawan da ke biya wa marayu kuɗin makaranta ba wanda ya sani, akwai masu zuwa gidan yari da abinci da sabulu su biya wa wanda ƙaramar tara ta riƙe shi ya fito, akwai lauyoyi da likitocinsu da ke aiki kyauta, kuma lokacin da tashin hankali ya kori ƙauyuka suka cika harabar coci-coci a kudancin Kaduna da Filato da Binuwai irin waɗannan ƙungiyoyin suna cikin masu kai buhunan masara da tabarmi. Kira na ga shugabanninsu shine su duba yadda zasu sauƙaƙa wa matasa, dan mutanen da suka taru a ɗakin ƙasa a New Haven ba attajirai bane, ma'aikata ne da 'yan ƙananan sana'a masu tsoron abinda zai sami 'ya'yansu.

Kai kuma kada ka zauna jiran kayan fareti. Ka nemi 'yan St. Vincent de Paul na cocinku, ƙungiyar da wani ɗalibi ɗan shekara 20 mai suna Frédéric Ozanam ya fara da abokansa a birnin Paris a 1833. Su ba kaki ba takobi, bibbiyu suke tafiya gidan mabuƙaci su zauna su ji damuwarsa, a taronsu kuma jaka ake zagayawa da ita kowa ya cusa hannu ya saka abinda yake da shi ba wanda ya san ko nawa ne, mai naira ɗari da mai dubu goma duk ɗaya. Ga kuma zumuntar mazan Katolika ta CMO (Catholic Men Organisation) da kowane magidanci ke da wuri a ciki. Sannan kai fa malami ne, abinda ke kanka ya fi buhun shinkafa tsada, ka roƙi Fada ya baka aji ɗaya ran Asabar ka tara yaran gwauraye da na 'yan gudun hijira ka koya masu karatu da lissafi, Musulmi da Kirista duk wanda ya zo, in ka samu abokai biyu uku da zasu riƙa karɓarka to aikin ya kafu. In daga baya Allah ya buɗa maka kana son shiga ta Mulumba ka shiga da hannunka da ya riga ya saba aiki.

TAMBAYA: Baba ni ƙorafi na kawo. Tun da mijina ya zama sakataren zumuntar maza ba ma ganinsa, yau taro gobe jana'iza jibi gaisuwar asibiti, a waje kowa yabonsa yake amma kuɗin makarantar 'yarmu har yanzu bai cika ba, shi kuwa ya bada gudunmawar rufin coci. In na yi magana yace aikin Allah nake hana shi. Daga wata uwa a Yola.

AMSA: 'Yata kina da gaskiya, kuma ba aikin Allah kike hana shi ba, ke da yarinyar nan kuna cikin aikin Allahn da aka fara ɗora masa ranar da ya sa maki zobe a gaban bagadi. A Littafi Mai Tsarki Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya yi musun bangaskiya, magana ce mai zafi amma tana nan a rubuce. Sai dai kada ki tare shi da ita a bakin ƙofa yana dawowa a gajiye, kuma kada ki kai ƙararsa gaban taron maza, kunya zata sa ya ƙara taurin kai. Ki bari sai ya ci ya huta ki ɗauko takardar makaranta ki ajiye a gabansa, ku yi lissafi tare, nawa ke shigowa nawa ya rage a biya kuma yaushe za a kori yarinya, ku ware na gida tukunna sannan na gudunmawa. Ki roƙe shi rana ɗaya a mako wadda ba taro ba waya. Yawancin masu irin halinsa ba mugunta bace, basu iya cewa a'a bane kuma 'yan ƙungiya sun gane haka sai su jibga masu komai, dan haka ya nemi a naɗa masa mataimaki a raba zuwa asibiti da jana'iza tsakanin mutane. In kin yi haka sau biyu bai ji ba, ki samu wanda ya tsaya maku a aure ko katikis ɗinku, ku je tare da shi wurin Fada ku ukun a zauna kafin a koma hutun zangon nan.